Shirin Shekara Biyar

Ranar Talata, bayan an tashi yara,
muka zauna mu huɗu a laburare,
ruwan saman Hull na ɗiga cikin bokiti
tsakanin Tarihi da Kimiyya.
Misis Thackray ta buɗe fayil:
fam dubu tara, in ji ta, ba ƙari,
a ja su har shekara biyar.
Na ce a raina, ga tuwo, ina miya?

Shekarata goma sha ɗaya ina tsaron ɗakin nan.
Na san kantar da ke ɗingishi,
na san littafin da aka cusa mata a ƙafa
don kada ta durƙusa.
Taswirar bango har yau tana kiran ƙasashe
da sunan da suka daɗe da yarwa,
kamar tsohuwa mai kiran jika da sunan uwarta.

Malamin lissafi ya ce kwamfutoci,
kwamfutoci tukuna, saura daga baya.
Desmond mai gyare-gyare ya nuna sama da leɓe:
lantarki a ƙarƙashin yoyo?
Aka yi dariya, aka rubuta:
shekarar fari, rufi.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun tankaɗe da rairaya.
Duk littafin da ya shekara goma
ba wanda ya ara, ya tattara nasa ya nasa.
Na ɗauki kwali ina bi layi-layi,
ina duba hatimin ranar dawowa
kamar likita mai taɓa jijiya.
Wani yana yi mini albishir
wai wata rana mutum zai sa tarho a aljihu.
Na ce, Baba, sannu da aiki, je ka huta.

Kwali bakwai kafin Juma'a,
hannu ya yi baƙi, hanci ya gaji da atishawa.
Amma a kantar ƙarshe, kusa da hita,
ga wani mai koren bango, na tsuntsayen teku.
Hatiminsa ya tsaya tun kafin in zo ƙasar nan,
shafukansa kuwa laushi kamar tsohon zane.
To wa ke shafa shi?

Ranar Litinin na kama mutumin.
Kacper ne, ɗan aji bakwai,
wanda ba ya cin abincin rana da kowa.
Bai taɓa ara ba. Ya ce ƙannensa uku,
takarda ba ta kwana lafiya a gidansu.
Nan yake karantawa, a tsaye, jaka a baya.
Ashe hatimi ba kowa yake ƙirgawa ba.

Muka raba wa yara takarda: me kuke so?
Nimco ta ce littafi da harshen da kakarta ke faɗa da shi.
Wani ya ce kujera mai laushi.
Wani ya zana kifi, bai ce uffan ba.
Su tara suka rubuta kalma guda: shiru.
Na duba kasafi sama da ƙasa,
ban ga layin da zan saka shi ba.

Na koma gaban kwamiti da 'yar takardata.
Shekara ta biyu a rage wa kantoci tsawo,
littafi ya sauko daidai idon yaro,
a bar lungun hita da kujera biyu, kada a taɓa.
Ta uku malamin lissafi ya sami kwamfutocinsa,
shida dai, ba ashirin ba, ya yi haƙuri.
Ta huɗu sababbin littattafai, rabi zaɓin yara.
Ta biyar na bar ta fari fat.
Misis Thackray ta ɗaga gira.
Na ce masu cike ta suna can firamare
suna fama da igiyar takalmi.

Da za mu fita Desmond ya zubar da bokitin
ya mayar da shi mazauninsa.
Rufi sai hutun bazara.
Littafin tsuntsayen kuwa, ban gaya wa kowa ba,
na buga masa hatimin yau.